Waiwaye: Sydney Greenstreet, ɗan wasan da ya shiga fim da furfura

Sydney Greenstreet yana da shekara 61 a duniya ya fara tsayawa gaban kyamara, lokacin da sa'o'insa ke shirin ajiye aiki. Shi ya sa masu kallo da yawa suka ɗauka daga sama ya faɗo. Alhali kusan shekara 40 ya yi yana wasan dandali kafin nan.

An haife shi a 1879 a garin Sandwich da ke Ingila. Yana ɗan shekara 18 ya tafi Silon, wato Siri Lanka ta yau, neman arziki a noman ganyen shayi, sai fari ya kora shi gida. A 1902 ya fara hawa dandali, ya fito a matsayin mai kisan kai. Bayan ƴan shekaru ya ƙetara Amurka, ya yi wasannin Shakespeare, ya yi na barkwanci da waƙa, daga baya ya daɗe tare da ƴan wasan dandali Alfred Lunt da Lynn Fontanne.

A 1941 darakta John Huston ya saka shi a fim ɗin The Maltese Falcon, aka ba shi rawar Kasper Gutman. Mutum ne jibgege, ga ƙaton tumbi, ga dariya mai fitowa daga can cikin ciki. Amma ba jikin ne abin tsoro ba, ladabin ne. Zai tarbi baƙo da fara'a, ya zuba masa abin sha, yana yabonsa, a zuci kuwa ya gama shirya masa gadar zare. A ganina irin wannan iya furuci da sanin inda za a ja numfashi ba a samun sa cikin dare ɗaya, dandali ne ya koya masa. Fim ɗinsa na farko ke nan, har sunansa ya shiga takarar Oscar.

Kamfanin Warner Bros. ya riƙe shi. A Casablanca na 1942 fitowarsa kaɗan ce, amma ba a manta da rawar da ya taka ta Ferrari mai jar dara ba. Shi da Peter Lorre, ɗan ƙaramin mutum mai manyan idanu, fina-finai 9 suka yi tare.

Shekara 8 kacal ya yi a harkar, domin ciwon suga da na ƙoda sun matsa masa. Fim ɗinsa na ƙarshe ya fito a 1949, ya ɗan taɓa wasan rediyo, ya rasu ranar 18 ga Janairun 1954 yana da shekara 74.