Waiwaye: Yadda Masu Zane 'Yan Asalin Ostareliya Suka Mallaki Cibiyoyinsu

Tun kafin Turawan Ingila su kafa zango a Ostareliya a 1788, 'yan asalin ƙasar, waɗanda ake kira Aborijin, sun shafe dubban shekaru suna zane a jikin duwatsu da ɓawon itace da rairayi. Zanen nasu yana ɗauke da labarin kakanni da wuraren ruwa da hanyoyin sahara, kuma kowane labari yana da dangin da ke da ikon zana shi.

Wanda ya fara yin suna a kasuwar Turawa shi ne Albert Namatjira na ƙabilar Arrernte, wanda ya koyi zane da fentin ruwa a hannun Rex Battarbee, aka baje ayyukansa a Melbourne a 1938. An ba shi cikakken 'yancin ɗan ƙasa a 1957, alhali yawancin 'yan'uwansa ba su da shi, kuma a shekarar da ta biyo baya aka yanke masa hukuncin ɗauri saboda barasar da ta shiga hannun wani ɗan ƙabilarsa da doka ta haramta wa sha. Ya rasu a 1959. A 1983 aka sayar wa wani kamfani haƙƙin mallakar ayyukansa a kan dalar Ostareliya 8,500, bai dawo hannun iyalinsa ba sai a 2017.

Babban sauyi ya faru ne a Papunya, wani matsuguni da gwamnati ta gina kimanin kilomita 240 daga garin Alice Springs, inda ta tara ƙabilu daban-daban da aka raba da ƙasashen kakanninsu. A 1971 wani malamin makaranta, Geoffrey Bardon, ya lura da alamomin da yara ke zanawa a rairayi, ya ƙarfafa musu gwiwa su zana su a aji. Dattawa ne suka karɓi aikin, tun da labaran nasu ne, suka zana labarin wata tururuwa mai tara zuma a bangon makarantar, daga nan suka koma zane a kan guntayen katako da fentin da ya samu. Sai dai ba a jima ba wasu al'ummomi suka koka cewa ana bayyana asiran da bai kamata baƙo ya gani ba. Masu zanen suka daina nuna wasu alamomi, suka riƙa lulluɓe wasu da ɗige-ɗige, salon da duniya ta san su da shi a yau. A 1972 suka kafa kamfanin Papunya Tula, mallakinsu su kaɗai, kuma a ganina wannan matakin ya fi duk wani tallafin da ya zo daga baya muhimmanci, domin shi ya sa farashi da riba suka zauna a hannun masu aikin.

Mata ma suna da tasu hanyar. Cibiyar sana'o'in hannu ta ƙauyen Ernabella ta fara aiki tun 1948, sannan a yankin Utopia aka shirya wa mata bitar rini irin na batik a 1977. Daga cikinsu Emily Kame Kngwarreye ta fito, wadda ba ta soma zane da fenti a kan ƙyalle ba sai da ta doshi shekara 80, amma kafin rasuwarta a 1996 ta zana kimanin ayyuka 3,000. Baje koli ne ya sada irin waɗannan ayyuka da masu saye, musamman gasar da ake yi a Darwin tun 1984 da taron Desert Mob na Alice Springs da ya fara a 1991.

Da kuɗi ya shigo, 'yan ci-da-gumin-wasu suka biyo baya. Wasu dillalai sukan ɗauke tsofaffin masu zane daga ƙauye, su zaunar da su a gari suna aiki dare da rana, su sallame su da tsohuwar mota ko kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ko a kasuwar halal ma giɓin yana da faɗi: zanen Clifford Possum Tjapaltjarri mai suna Warlugulong, wanda aka fara saye a kan dala 1,200, an yi gwanjonsa a kan dala miliyan 2.4 a 2007, shekara biyar bayan rasuwarsa. Majalisar Dattawa ta binciki harkar a wannan shekarar, aka fito da ƙa'idojin ciniki ga dillalai, kuma daga 2010 doka ta ba mai zane ko magadansa kashi 5 cikin ɗari idan an sake sayar da aikinsa a kan dala 1,000 ko fiye.

Cibiyar zane ta ƙauye, wadda masu zanen suka mallaka, ita ke ba da fenti da ƙyalle, ta rubuta labarin kowane zane da sunan mai shi, ta biya shi kasonsa, ragowar kuma ya shiga asusun jama'a. A 2000 masu zanen Papunya Tula suka yi manyan ayyuka na haɗin gwiwa, aka yi gwanjo a Sydney, aka tara fiye da dala miliyan 1, kuɗin da ya kai na'urar wankin ƙoda ƙauyen Kintore don marasa lafiya su daina ƙaura zuwa gari.

Matsalar da ta rage ita ce kayan jabu. A 2019 kotu ta ci kamfanin Birubi tarar dala miliyan 2.3 saboda sayar da kayan da aka yi a Indunusiya da sunan aikin Aborijin. Shiga tsarin ƙa'idojin ciniki ganin dama ne ga dillali, shi ya sa cibiyoyin suka daɗe suna neman doka ta musamman, wadda a 2023 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin za ta kawo.