Waiwaye: Sana'ar Ƙauye, Kasuwar Kano da Tallafin Ƙetare

Duk wanda ya shiga kasuwar Dawanau bayan kaka, ya ga buhunan riɗi da zoɓo da citta jibge ana loda wa manyan motoci zuwa Legas, ya san karkara ba ta rasa abin sayarwa ba. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, galibin kayan nan ɗanye suke fita, ribar sarrafa su kuwa a wata ƙasa ake cin ta.

A da ba haka lamarin yake ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Manomi ya noma auduga, mata su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, marini a Kura ko Ƙofar Mata ya tsoma a baba, mabugi ya buge shi har ya yi ƙyalli, kafin fatake su ɗauka daga kasuwar Kurmi. Kowane hannu da kayan suka bi ya sami rabonsa, kuma yawancin hannayen na mutanen ƙauye ne. Haka fatar jar akuya take bi ta majema da dukawa kafin ta ƙetare Sahara.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ce ta juya akalar kasuwancin. Daga 1912 gyaɗa ta mamaye gonaki, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka riƙa saye, aka tara dalar gyaɗa da har yau muke tinƙaho da ita. Sai dai dalar nan kaya ne da ke jiran jirgi ya kwashe su zuwa masana'antun Turai, kuma tun daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ce ke yanke wa manomi farashi. Farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur, su suka ƙarasa ta.

A wannan gaɓa ce tallafin ƙetare ya shigo da ƙarfi. Bankin Duniya ya fara ayyukan raya noma a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, a farkon shekarun 1980 kuma aka kafa hukumar raya noma da karkara ta jihar Kano, wato KNARDA. Ƙungiyar Sasakawa ta Japan mai tallafa wa manoma ta zo a 1992 da gonakin gwaji, shirin Fadama ya biyo da ƙananan rijiyoyi da injinan ban-ruwa. Ba za a yi musu butulci ba, domin su da madatsar ruwan Tiga ta zamanin Audu Bako sun mayar da noman rani sana'ar dubban gidaje. Amma hankalinsu ya fi karkata ga yawan amfanin gona, aka bar batun ajiya da sarrafawa da kasuwa a baya. Mai bin hanyar Zariya da rani ya sha ganin sakamakon a wajen Kadawa da Kwanar Gafan: tumatir ya yi yawa, farashin kwando ya faɗi warwas, sai a yanyanka shi a shanya a ƙasa, ƙura na bi ta kansa, don a sami kauɗar da za a sayar daga baya.

Tsarin da ya fi kusa da maganin matsalar daga Japan ya taso. A 1979 gwamnan lardin Oita, Morihiko Hiramatsu, ya nemi kowane ƙauye ya zaɓi abu guda da ya fi gwaninta a kai, ya inganta shi har ya karɓu a kasuwannin nesa. Ginshiƙinsa dogaro da kai ne da horar da mutane, aikin hukuma kuwa koyar da fasaha da nemo kasuwa. Tailan ta ɗauka a 2001, Malawi ta biyo baya, a Nijeriya kuma hukumar raya ƙanana da matsakaitan sana'o'i, SMEDAN, ta mayar da shi kowace ƙaramar hukuma da hajarta, aka yi gwajinsa da taimakon hukumar JICA ta Japan a jihohin Kano da Neja.

A ganina, inda irin wannan shiri yake tuntuɓe a wurinmu shi ne idan aka mayar da shi rabon kaya. A kawo injin casar shinkafa, a ɗauki hoto, baƙi su tafi, ba wuta, ba mai gyara, ba wanda aka ƙulla ciniki da shi. Mai saye na waje kuwa inganci yake dubawa: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a wurin ajiya. Matan Kura masu turara shinkafa da masu matsar man gyaɗa da ƙuliƙuli a ƙauyukan Kano sun riga sun iya aikinsu. Abin da suke nema shi ne bashi mai sauƙi, wurin shanya mai tsabta, ma'auni na gaskiya, da mai saye da zai dawo baɗi.