Malalar man Deepwater Horizon da alhakin kamfanonin haƙa

Malalar man Deepwater Horizon ita ce mafi girma da aka taɓa samu a ruwan Amurka. Ta faru ne a mashigin tekun Meziko, kimanin kilomita 66 daga gaɓar jihar Luiziyana. A daren 20 ga Afrilu 2010 iskar gas ta kufce daga rijiyar Macondo, ta biyo bututu har saman dandalin haƙa mai suna Deepwater Horizon, ta kama da wuta. Ma'aikata 11 suka rasu. Bayan kwana biyu dandalin ya nutse, ɗanyen mai kuma ya yi ta ɓulɓulowa daga ƙasan teku har kwana 87.

Masu hannu a rijiyar

Kamfanin BP na Birtaniya shi ke riƙe da lasisin rijiyar, da kashi 65 cikin ɗari, sauran na Anadarko ne da MOEX. Dandalin haya aka ɗauko daga Transocean, Halliburton ya zuba siminti, Cameron kuma ya ƙera na'urar da aka ɗora a bakin rijiyar don ta datse bututu idan abu ya ɓaci. Bincike ya nuna simintin bai riƙe ba, ma'aikata sun yi wa gwajin matsin rijiyar gurguwar fahimta, na'urar datsewar ma ta gaza. Da aka kira shugabannin kamfanonin gaban majalisar dokoki, kowa ya nuna ɗan'uwansa.

Yadda aka toshe ta

Bakin rijiyar yana ƙarƙashin ruwa da zurfin kusan mita 1,500, inda babu ɗan adam da zai iya nutso. Duk aikin da mutum-mutumi aka yi shi, ana sarrafa su daga jiragen ruwa. A farkon Mayu aka saukar da wani ƙaton akwatin ƙarfe don ya rufe wurin ya tattara man, amma gas ya haɗu da ruwan sanyi ya daskare, ya toshe akwatin. A ƙarshen watan aka gwada tura laka mai nauyi daga sama, har da cusa tarkacen roba da ƙwallayen golf. Ƙarfin man ya rinjayi komai. Wannan lalube ya nuna abu guda ƙarara: masana'antar ta ƙware a haƙa cikin zurfi, ba ta tanadi yadda za ta rufe rijiya a wannan zurfin ba.

Sai 15 ga Yuli wani sabon murfi mai bawul-bawul ya tsayar da malalar. A Agusta aka zuba laka da siminti ta sama. Aka kuma haƙa wata rijiya daga gefe, ta karkata har ta haɗu da ta farko a can ƙasa, aka cika ta da siminti. Ranar 19 ga Satumba 2010 hukuma ta sanar cewa rijiyar ta mutu.

Waye ya biya

Dokar gurɓatar mai ta 1990, wadda aka yi bayan haɗarin jirgin Exxon Valdez a Alaska, ta riga ta fayyace cewa mai lasisi ne ke ɗaukar kuɗin tsaftacewa, kafin ma a tantance mai laifi. Shi ya sa musun kamfanonin bai tsayar da aiki ba. A Yuni 2010, bayan ganawa da Shugaba Barack Obama, BP ya amince ya ware dala biliyan 20 don biyan masunta, masu otal da sauran waɗanda suka yi asara.

Yawan man ma ya zama abin shari'a, domin tara a kan kowace ganga ake lissafa ta. Da farko an ce ganga 1,000 ke fita a rana, sannan 5,000. Daga baya masana na gwamnati suka ce ya haura 50,000. Gwamnati ta ƙiyasta jimillar ganga miliyan 4.9, alƙali Carl Barbier kuma ya tsayar da miliyan 3.19 a matsayin abin da ya shiga ruwa. A 2012 BP ya amsa laifuka, ciki har da yi wa majalisa rufa-rufa a kan yawan man da ke fita a rana. A 2014 alƙalin ya same shi da mummunan sakaci, ya ɗora masa kashi 67 na laifin, Transocean 30, Halliburton 3. Sulhun dala biliyan 20.8 da gwamnatin tarayya da jihohi biyar ya samu amincewar kotu a 2016. Gaba ɗaya abin da BP ya kashe ya haura dala biliyan 60.

A Najeriya

Hukumar NOSDRA, da aka kafa a 2006, ita ke sa ido kan malalar mai. A Disamba 2011 kimanin ganga 40,000 suka zube daga filin Bonga na Shell a cikin teku. Mutanen Bodo na ƙasar Ogoni kuwa sai da suka kai ƙara Landan kafin Shell ya amince da diyyar fam miliyan 55 a 2015.

Zamfara ba ta da teku, amma tambayar wa zai biya ba baƙuwa ba ce a can. A shekarar 2010 ɗin ce aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Bambancin shi ne babu wani kamfani mai lasisi da za a kama: masu haƙar 'yan gari ne, kuma 'ya'yansu ne suka mutu. Nauyin jinya ya faɗa kan ƙungiyar likitoci ta MSF, na kwashe gurɓatacciyar ƙasa kuma kan gwamnati da masu ba da agaji. Garin Bagega sai 2013 aka tsaftace shi, bayan gwamnatin tarayya ta saki kuɗin da aka daɗe ana jira.