Zomo Yana Shan Ruwa: Kira Ga Masu Saya Wa Yara Zomaye

Da zarar bazara ta kama, daga watan Maris zuwa Mayu, da wuya mako ya wuce ba a kawo mana zomo a asibitin dabbobi ba, a cikin kwali ko kwando, ya mimmiƙe yana haki, idanunsa sun faɗa, kunnuwansa sun ɗauki zafi. Galibi uba ne yake riƙe da kwalin, yaron da aka saya wa zomon yana biye da shi yana share hawaye. Idan muka tambayi abin da ake ba shi, sai a lissafa mana dusa da harawa da ɓawon dankali, idan kuma muka tambayi ruwa, sai a dube mu da mamaki a ce: "Ai zomo ba ya shan ruwa." Wannan magana na ji ta daga bakin manoma, na ji ta daga bakin ma'aikatan gwamnati, na ji ta har daga bakin masu sayar da zomayen a kasuwa, kuma a cikin duk abin da ke kashe zomayen gida a wannan yanki namu ban ga wanda ya kai ta ɓarna ba.

Zomo yana shan ruwa, kuma idan aka auna da girman jikinsa, yana sha fiye da yawancin dabbobin da muke ajiyewa a gida. Zomo mai nauyin kilo 2 yana buƙatar tsakanin mililita 100 zuwa 300 a rana, wato kusan rabin ledar ruwan da ake sayarwa a bakin titi, kuma a lokacin zafi buƙatar tana ƙaruwa. Zomanya mai shayarwa tana iya shanye lita guda a rana. Ku dubi wannan adadi, sannan ku dubi kejin da ke bayan ɗakinku, wanda babu ko gwangwanin ruwa a cikinsa tun ranar da aka kafa shi.

Na san inda maganar ta samo asali. Mutane suna ganin zomon daji yana rayuwa nesa da rafi, ba su taɓa ganinsa a mashaya ba, sai suka ɗauka haka Allah ya halicci kowane zomo. To, zomon daji yana kiwo ne da dare da asuba, yana cin ɗanyen haki mai raɓa, da rana kuma ya nemi gindin kurmi ya lafe. Na gida kuwa ba ma jinsinsu ɗaya ba. Asalinsa daga yankin Sifaniya da Fotugal ne, inda kakanninsa suke haƙa ramuka su shige ƙarƙashin ƙasa idan rana ta yi zafi, kuma nau'o'in da ake sayarwa a kasuwanninmu, irin su New Zealand White mai jajayen idanu da Chinchilla da Dutch, duk daga can suka gangaro. Mu kuma muka ɗauko wannan dabba muka kulle ta a akwatin katako mai rufin kwano, a garin da zafinsa yake haura digiri 40 a watan Afrilu kamar Sakkwato ko Maiduguri, alhali zomo yana fara wahala tun daga digiri 30, muka zuba masa busasshiyar dusa, sannan muka ce ba ya buƙatar ruwa. Haba jama'a! Wane rai ne zai jure wannan?

Wasu sukan ce mini ganyen da suke ba shi ya wadatar. A damina, lokacin da ake yanko ɗanyar ciyawa da ganyen dankalin Hausa safe da yamma, gaskiya ne zomo yakan rage shan ruwa, amma ko a lokacin ba ya dainawa. A rani kuwa wane ganye ake magana a kai? Harawar wake da ta gyaɗa sun bushe ƙayau, dusa gari ce, ɗan guntun kabejin da ake jefa masa daga madafa bai kai ya jiƙa masa maƙogwaro ba. Zomon da bai samu ruwa ba yakan daina cin abinci, idan ya daina ci cikinsa ya tsaya, kashinsa ya ƙanƙance ya bushe har ya ɗauke baki ɗaya, kuma zomon da ya wuni bai ci komai ba ya shiga hatsari. Sai mai shi ya ce wata cuta ce ta shigo gari, ko a ce kambun baka ne, alhali ƙishirwa ce tsagwaronta.

Wasu kuma sukan rantse cewa ruwa ne yake sa zomo zawo. Abin da yake kawo zawon shi ne ƙazantar keji, inda kashi yake haɗuwa da abinci, da ganyen da aka tara a buhu ya yi zafi ya fara ruɓewa, da sauya abinci farat ɗaya. Ruwa mai tsafta bai taɓa sa zomo zawo ba, hasali ma zomon da yake zawo shi ne ya fi kowa buƙatarsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne batun zomanya mai jego. Sau da yawa akan zo a ce mana muguwa ce, ta haihu da dare gari ya waye ta cinye 'ya'yanta, har a yanke shawarar a yanka ta. Akwai dalilai da dama da suke sa zomanya yin haka, kamar firgita da haihuwar fari, amma rashin ruwa yana sahun gaba. Dabba ta ɗauki ciki na kimanin kwana 31, ta tsige gashin ƙirjinta ta yi wa 'ya'yanta shimfiɗa, ta haifi shida ko takwas, nono yana neman zuwa, ta duba ko'ina babu abin sha. Idan ma ba ta taɓa su ba, nonon ba zai zo ba, sai ku tarar da 'ya'yan fatarsu ta yamutse, cikinsu a lafe, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Laifin ba nata ba ne, na wanda ya kulle ta ne. Duk mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci ba. Zomon da ke keji ba shi da hanyar zuwa randa, abin da kuka ajiye masa shi ne kaɗai rabonsa.

Ba na cewa iyayen da suke yin haka marasa tausayi ne. Na ga yadda uba yake ɗaukar kuɗin da ya sha wahala kafin ya samu ya saya wa ɗansa zomo don ya faranta masa, kuma ina ganin alheri ne babba yaro ya tashi yana kula da wani rai, ya saba da yanko ciyawa da share keji. Zomo dabba ce mai tsafta, ba ta da hayaniya, tana gane mai ba ta abinci har ta riƙa tahowa bakin keji idan ta ji motsinsa. Matsalar ita ce yadda ake sayensa kamar kayan wasa, a gan shi a kasuwa fari tas, yaro ya yi kuka, a biya, a zo gida sannan a fara tunanin inda za a ajiye shi. Kafin a kai ga haka ya kamata mai gida ya tambayi kansa ko akwai wuri mai inuwa da iska a gidan, wanda rana ba ta bugunsa daga hantsi zuwa la'asar, kuma ko akwai babban mutum da zai ɗauki nauyin duba ruwan sau biyu a rana, domin yaro ɗan shekara shida zai yi ɗoki na mako ɗaya ne ya manta. Ya kuma tambayi kansa wa zai kula da shi idan an tafi ƙauye hutun Sallah, ko yaron ya koma makarantar kwana. Zomon da aka kula da shi yana iya kaiwa shekara 8 ko fiye, saboda haka ba ɗawainiyar wata guda ba ce. Idan kuma mace da namiji aka saya, a sani cewa tun suna wata 4 zuwa 6 za su fara haihuwa, kuma kowane baki da ya ƙaru yana buƙatar nasa ruwan. Wanda ya san ba zai iya ba, ya lallashi yaron ya haƙura, wannan ya fi a saya masa abin da zai mutu a gabansa.

A nan zan ɗan ratse in ambaci ɗaukar zomo ta kunne, domin masu hana shi ruwa su ne dai masu yi masa wannan. Zomo ba ya gumi kamar mutum, ta kunnuwansa yake fitar da zafin jikinsa, kuma cike suke da jijiyoyin jini. Idan aka rataye shi da su yana jin zafi, yana harba ƙafafu da ƙarfi, kuma wannan harbin yana iya karya masa ƙashin baya ya shanye har abada. A sa hannu ɗaya a ƙirjinsa, ɗaya a tallafe ƙugunsa, a jingina shi da jiki. Ƙananan yara kuwa su zauna a ƙasa su shafa shi, kada su ɗaga shi.

Sauran abubuwan ba su da wahala. A samu kaskon ƙasa mai nauyi wanda ba zai iya kifarwa ba, domin yana riƙe sanyin ruwa fiye da roba ko gwangwani, a wanke shi kullum, a cika shi safe da yamma da irin ruwan da mutanen gida suke sha. A kafa keji a ƙarƙashin bishiya ko rumfa, a ɗaga shi daga ƙasa saboda ɓeraye da macizai da kyanwa, idan rufin kwano ne a shimfiɗa masa zana ko bunu. A ranakun tsananin zafi a jiƙa buhun algarara a rataya a gefen da iska take shigowa. Ciyawa da harawa su zama su ne mafi yawan abincinsa, domin haƙoransa ba sa daina tsiro, taunar ce take rage su, dusa kuma kaɗan ta isa. Kada a sayi ɗan zomon da bai kai mako 6 ba. Sabon zomo a ware shi na mako 2 kafin a haɗa shi da na gida, domin cutar zubar jini ta zomaye, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2020, tana iya share keji cikin 'yan kwanaki. Idan kun ga ɓamɓaroki a kunne ko hanci ko ƙafafu, ƙazuwa ce, tana da magani a wurinmu, kada a shafa masa baƙin mai. Kada kuma a ɓare kafso na mutane irin su amoksisilin a ba shi ta baki, domin yana iya kashe shi.

Idan kuma an riga an makara, kuka tarar da shi kwance yana numfashi da sauri, bakinsa da hancinsa a jiƙe, ku ɗauke shi nan take zuwa wuri mai sanyi, ku jiƙa tsumma da ruwan randa ku riƙa shafa masa a kunnuwa, ku yi masa fifita. Kada ku tsoma shi a bokiti, kada ku zuba masa ruwan ƙanƙara, kada kuma ku ɗura masa ruwa da ƙarfi alhali ba ya iya haɗiya, domin zai shaƙe. Ku ajiye kaskon a gaban bakinsa, idan ya farfaɗo zai sha da kansa. Daga nan ku kawo shi wurin likita ko malamin dabbobi mafi kusa a ranar, a cikin kwando mai shan iska da aka rufa wa jiƙaƙƙen tsumma, ba a cikin buhu ko but ɗin mota ba, kuma kada ku ce sai gobe, domin zomon da zafi ya kayar ba kasafai yake kwana ba.