Zaman waƙa a ka

Zaman waƙa a ka shi ne yadda wani kari ke kama mutum daga ji ɗaya ko biyu, har ya riƙa rera shi ba da niyya ba, alhali wani karin sai an sha wuya kafin a riƙe shi. Abubuwan da aka fi danganta shi da su su ne maimaici, gajartar ɗiyan waƙa, da dacewar kari da lafazin harshe.

A kiɗan gargajiya

Makaɗan Hausa sun daɗe da sanin wannan a aikace. A Birnin Damagaram, kamar sauran fadoji, waƙar fada tana tsaye ne kan amshi: makaɗi ya kawo ɗa, ƴan amshi su koma kan gindin waƙa, haka har a ƙare. Mai sauraro zai ji gindin sau da yawa a zama guda, shi ya sa ko ɗiyan sun ɓace masa, gindin na nan. Taken da ake busa wa sarki da kakaki gajere ne ƙwarai, sautukansa ƴan kaɗan.

Harshen ma yana taimakawa. Hausa tana da karin sama da na ƙasa da mai faɗuwa, tana kuma bambanta doguwar gaɓa da gajera. Kalangu na bin wannan hawa da sauka har ya yi magana, don haka wanda ya tuna kalmomin ya tuna rabin karin. A waƙar daka kuwa taɓarya ce ke riƙe bugu, a gaɗa tafi, jiki ya haddace tare da kunne.

Malaman ƙarni na 19 sun mori wannan hikima sosai. Nana Asma'u (1793 zuwa wajajen 1864) ta tsara wa'azi a waƙe, jajoji, wato matan da ta horar su koyar, suka riƙa kai shi ƙauyuka ga matan da ba su karatu. Amsa-amo, wato daidaituwar sautin ƙarshen baitoci, na nuna wa mai rerawa inda baiti zai sauka, ma'auni kuma na tona duk gaɓar da aka tsallake.

Binciken zamani

A 1968 Robert Zajonc, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, ya nuna cewa yawan haɗuwa da abu na ƙara sa a so shi. Wani bincike na 2016 a Ingila ya gano cewa waƙoƙin da ke maƙalewa a ka galibi masu sauri ne, karinsu na hawa ya sauko yadda kunne ya saba, da ɗan tsalle na ba-zata. Tsofaffi masu ciwon mantuwa sukan rera waƙoƙin ƙuruciyarsu ko da sunayen ƴaƴansu sun kuɓuce musu.

Saɓani

Masana ba su daidaita ba kan ko halitta ce ta fi tasiri ko sabo.