Zaman tanƙware da abin da yake yi wa zuciya

Kowa ya san damuwa tana sunkuyar da mutum. Wanda aka yi wa rasuwa, ko ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, tun daga nesa ake gane shi: kafaɗu sun zubo gaba, kai a ƙasa, ƙafa da ƙyar take ɗaguwa. Abin da ba a cika sani ba shi ne, sunkuyon ma yana jawo tasa damuwar. Wanda ya wuni a tanƙware, ko da babu abin da ya same shi, yakan tashi jiki a mace, rai a dagule. Iyayenmu mata da ke cire wa yaro hannu in ya yi tagumi sun san abin da suke yi.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne numfashi. A ƙarƙashin huhu akwai wani faffaɗan nama da ya raba ƙirji da ciki. Idan ka ja iska yakan sauka ƙasa, huhu ya samu wurin buɗewa. In ka zauna a naɗe, ciki ya matse, naman nan ba ya sauka yadda ya kamata, sai numfashi ya koma gajere, a saman ƙirji, naman wuya da kafaɗa su ɗauki aikin da ba nasu ba. Irin wannan numfashi shi ne wanda mai jin tsoro yake yi. Murya kuma iska ce ke ɗaukarta, shi ya sa wanda ya tanƙware maganarsa ke fita a shaƙe, a ce masa «me ka ce?» sau biyu, ya ƙara rikicewa.

Sai kai. Kan babban mutum ya kai kilo 5. A 2014 wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafa cewa in an sunkuyar da shi digiri 30, nauyin da wuya ke ɗauka ya kai kilo 18, a digiri 60 kuwa kilo 27, kwatankwacin jarkar ruwa mai lita 25 da ƴan garuwa ke turawa a unguwanni. Haka samarinmu ke zama a fada, ana dafa shayi, kowa ya duƙa a kan salula awa biyu ko uku. Daga baya a zo da ciwon kai na ƙeya da kasala, a ce zazzaɓi ne.

Masu bincike sun gwada abin. A 2015, a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand, an raba mutum 74 gida biyu, wasu a miƙe wasu a tanƙware, aka sa su wani aikin magana mai tayar da hankali. Waɗanda suka zauna a miƙe sun fi jin ƙarfin gwiwa, tsoronsu bai kai na sauran ba. Amma a yi hattara da abin da ake yaɗawa a intanet, wai tsayuwar ƙasaita ta minti biyu, hannu a ƙugu, tana canza sinadaran jiki. Maganar ta fito ne daga wani gwaji na 2010 a kan mutum 42 kacal. Da aka sake shi a 2015 da mutum 200, ba a ga canji a sinadaran ba, sai dai mutanen sun ce sun ɗan ji ƙarfi a ransu. Saboda haka ba mu ce kowa ya riƙa baje kafaɗa yana taƙama ba. Ribar tana wurin barin naɗewa.

A kujera ko benci, sa tafin ƙafa biyu a ƙasa. Lalubo ƙasusuwa biyun nan na mazaunai, ka zauna a kansu, kada ka zame ka koma kan ƙarshen ƙashin baya. Ɗaga ƙashin ƙirji kamar faɗin yatsa biyu, saki kafaɗu su faɗi da kansu, ja haɓa baya kaɗan har kunne ya daidaita da kafaɗa. Mai zama a tabarma, kamar dukawa da masu ɗinkin hula da ɗalibai, ya ninka bargo ko ya sa matashi mai kaurin santimita 10 a ƙarƙashinsa, don ƙugu ya ɗan fi gwiwa tsawo. Baya zai miƙe ba tare da an tilasta shi ba. Tela ya matso da kujera kusa da keke. Salula a ɗaga ta zuwa fuska.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sandarewa irin ta soja a fareti: a turo ƙirji, a matse kafaɗu baya, a riƙe numfashi. Kafin minti goma tsatso ya fara ciwo, mutum ya ce abin bai yi ba, ya koma yadda yake. In ba ka iya jan numfashi har cikinka ya ɗago, ka wuce gona da iri. Kuma kowane zama, komai kyansa, yana gajiyar da jiki in ya daɗe. Bayan kowane minti 30 a tashi, a taka, a juya kafaɗu baya sau biyar.

Kafin jarrabawar baka, ko shiga wurin likita, ko magana a taron unguwa, tsaya ƙafafu a buɗe daidai faɗin ƙugu. Ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, sake ta a hankali kana ƙirga shida, ka maimaita sau shida. Tsawaita fitar da iska yana rage gudun bugun zuciya. Hannuwa su fito daga aljihu. Mai fushi kuma akwai hadisin da ya umarce shi ya zauna in yana tsaye, in fushin bai tafi ba ya kwanta.

Wani zai ce to ina kunya, ina ladabi? Suna nan. Ana iya sunkuyar da ido gaban babba, a durƙusa a gaishe shi, ƙirji na buɗe, murya na fita. Abin da ke damunmu shi ne ƴan mata da suka fara ƙirgar dangi, su naɗe kafaɗu don ɓoye jikinsu, shekaru su wuce abin ya zame musu jiki. Irinsu ne ke zuwa awo ko kawo yaro asibiti, a tambaye su me ke damunsu, amsa ta maƙale a cikin hijabi, a rubuta magani a kan rabin bayani. Uwa, ki gyara wa ƴarki da taushi, ki dafa bayanta. Tsawa gaban mutane ƙara naɗe ta take yi.

Gyara zama ba ya maganin ciwon damuwa. Wanda ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, barci da cin abinci sun lalace, abin da yake so a da ya fita ransa, ko yana tunanin kashe kansa, a raka shi CSI (ƙaramin asibitin unguwa ko na gari) mafi kusa ko Asibitin Ƙasa na Damagaram. Haka wanda bayansa ke lanƙwasa tare da ciwo, rama, zazzaɓin dare ko mutuwar ƙafa, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya. Tsohuwar da ta yi doro kuma kada a danne ta wai za a miƙe ta; ƙashinta na iya zama ya yi rauni, dannawar ta karya shi.