Waiwaye: Tafkunan Damagaram da zancen wurin shan iska

Damagaram ba ta da kogi irin na Yamai. Bakin ruwanmu tafki ne da kududdufi da kwari: ruwan sama ya gangaro daga kan duwatsu, ya taru tun daga watan Yuli, ya yi ta ja da baya har rani ya shanye shi ko ya bar ɗan saura. Saboda haka duk lokacin da aka ta da zancen ƙawata gari, aka ce a shuka itatuwa a bakin ruwa, a fitar da hanyar masu tafiya da ƙafa da masu motsa jiki, a kafa kujeru inda iyali za su sha iska, waɗannan wuraren ake nufi. Kuma kowane ɗayansu akwai masu cin abinci a jikinsa tun kafin a haifi mai zanen taswirar.

Da yawa daga cikin kududdufan tsohon gari hannun mutum ne ya haƙa su. Garin da aka gina da ƙasa, dole a ɗebo ƙasar a wani wuri, ramin da aka bari kuwa shi ke tare ruwan damina. Ganuwar Birni da Sarki Tanimu ya ɗaga a tsakiyar ƙarni na 19, da fada, da gidajen attajiran Zango, duk da ƙasar nan aka yi su. Matafiyi Bajamushe Barth, da ya sauka a garin a ƙarshen 1852, ya ga gonakin taba da itatuwan dabino suna shan ruwan ƙarƙashin ƙasa da ba shi da zurfi a tsakanin duwatsu. A wancan zamani an san wanda ke noma a ina da inda dabbobi ke sha, in rigima ta tashi kuma mai unguwa da fada ke raba ta.

Faransawa sun ci garin a 1899, suka mai da shi babban birnin yankin Nijar daga 1911 zuwa 1926, sannan suka kwashe zuwa Yamai. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar. Garin yana zaune ne a kan dutse, ƙasansa ba ta riƙe ruwa mai yawa, shi ya sa aka yi ta zuwa nesa ana janyo shi: Gogo da Machaya, Arunguza, daga baya Ganaram. Tun daga nan zancen ruwa a Damagaram ya koma zancen famfo da jarka da 'yan garuwa. Tafki ya fita daga lissafin hukuma. Gari ya yi ta faɗaɗa, ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 300,000, bakin tafkuna da dama ya zama bola, leda ta toshe magudanai, aka yanka filaye a hanyar ruwa.

Ta fannin itace kuwa, hukuma ta daɗe tana aiki ita kaɗai. Dokar gandun daji ta 1935, da wadda Nijar ta yi a 1974, sun sa itatuwa masu amfani a hannun gwamnati, har manomi na tsoron barin gawo ya girma a gonarsa don kada ya janyo wa kansa tara. Daga 1975 aka mai da 3 ga Agusta ranar dashen itace. An dasa da yawa, amma kowa ya san abin da akuya da watan Afrilu ke yi wa dashen da ba shi da mai ba shi ruwa. Zoben itatuwan da aka fara kewaye Yamai da shi a 1965 ya girma sosai, daga baya gidaje suka cinye babban ɓangarensa.

Sauyi ya zo ne bayan farin shekarun 1970 da 1980. A 1984 aka yi babban taron Maradi kan kwararowar hamada, inda aka yarda cewa ba a yaƙar ta in babu talakawa a ciki. Manoman Magarya da Matamai da Mirya suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon da ya fito da kansa a gona a gyara shi ya zama itace, har gawo ya rufe kusan kadada miliyan ɗaya a kudancin jihar ba tare da an raba musu irin dashe ba. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin filaye, inda sarakuna da ma'aikata da manoma da makiyaya ke zama tare.

Misalin da ya fi kusa da zancenmu shi ne dajin Takieta, kimanin kilomita 50 yamma da gari a hanyar Maradi. Gandun gwamnati ne tun zamanin Turawa, ya lalace, kowa na sara, ba wanda ke jin nasa ne. Daga 1995 ƙungiyar SOS Sahel ta shiga tara masu amfani da shi: ƙauyukan kewaye, mata masu itacen girki, har da makiyaya masu wucewa da ba a saba kira taro ba. Sai da aka kwashe wajen shekara biyar ana zama ana tashi kafin ƙungiyar jama'ar wurin, Kou Tayani, ta karɓi ragamar kula da dajin. A ganina wannan jinkirin shi ne aikin kansa, don a cikinsa ne aka daidaita wa zai yi kiwo yaushe, wa zai sara me, tara kuma aljihun wa za ta shiga.

Cikin gari bai ci moriyar wannan darasi yadda karkara ta ci ba. An zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a 2004, aka raba Damagaram gunduma biyar, sannan garin ya karɓi bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba sau biyu, a 2006 da kuma 2018 ƙarƙashin shirin gyaran gari na Zinder Sabuwa. An samu tituna da gine-gine, ba mai musun haka. Sai dai aikin da aka riga aka sa wa ranar buɗewa gaggawa gare shi, ba ya jiran mai buga tubali a bakin tafki ya gama faɗin nasa.

Daminar 2024 ta tuna mana aikin tafki na asali. A farkon Satumbar shekarar ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Birni na ƙasa, wanda ya haura shekara 150, gidaje kuma suka zube a unguwanni. Garin da a shekara ruwansa ba ya cika wuce milimita 400 zuwa 500 yana iya samun kaso mai yawa a dare ɗaya, dutse ba ya sha, dole ruwan ya nemi wurin kwanciya. In an cike tafki da shara ko an yi gini a bakinsa, ɗakin wani zai shiga. Shi ya sa nake goyon bayan a kewaye tafkuna da itatuwa da hanyar ƙafa: hanyar ita ce iyakar da kowa zai gani da idonsa, daga nan ba gini.

Amma wa zai nuna inda iyakar za ta bi? Tsohon da ya yi shekara arba'in a unguwa ya san katangar da ruwa ya taɓa a shekarar da ya fi cika. Masu buga tubali sun san ramukan da ke da zurfi, waɗanda ke cin yara masu wanka. 'Yan garka sun san inda latas da tumatir ke yi bayan ruwa ya ja, masu wanki da masu shayar da dabbobi suna da mashigarsu. Hanyar da ta datse mashigar shanu, shanun za su tattake ta kafin shekara ta zagayo. Mata ba za su yi magana a taron da aka kira a ofis da Faransanci ba. Sai an je unguwa, da Hausa, an ware musu nasu zama, kuma su za su fara tambayar sauro da tsargiya da fitila da dare. Matasan fada, wato majalisun hirar samari na unguwa, da kullum ake kallonsu a matsayin matsala, su ne masu gudu da asuba, kuma su ne za su iya gadin wurin in an ba su aikin da sunansu.

Ko zaɓen itace shawara yake so. Bagaruwa tana jure tsayuwar ruwa, majeman Damagaram kuma da 'ya'yanta suke jima, don haka ta riga ta sami mai kula da ita. Gawo yana ba da inuwa da rani, lokacin da ake nemanta. Dogon yaro na saurin girma, amma shekarunsa na farko sai an yi masa ban ruwa, a garin da ake sayen jarka da tsada a watan Afrilu. Kafin a haƙa rami ɗaya ya kamata a rubuta sunan wanda zai ɗauki wannan nauyi da inda kuɗin zai fito.

Tun Afrilun 2024 an rusa zaɓaɓɓun majalisu, kantomomi ke riƙe da gari, don haka babu kansilan unguwa da zai kai kuka. Nauyin jin ta bakin jama'a ya ƙaru a kan masu unguwanni da fadar Sarkin Damagaram da limamai. Lokacin da ya fi dacewa su fita tare da ma'aikatan magajin gari shi ne ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ruwa na cike, a zagaya kowane tafki da ƙafa, a kafa turaku a inda ya tsaya.